Wuyan Raƙumin Dawa da Aikin Ƙeya: Yadda Ƙwaƙwalwa Ke Riƙe da Linzamin Zuciya

A yankin Kure, kimanin kilomita 60 kudu maso gabashin Yamai, garken raƙuman dawa na ƙarshe da ya rage wa Afirka ta Yamma yake. A 1996 da aka ƙirga su, 49 kacal aka samu. Yau sun haura 600, suna yawo a tsakanin gonakin gero, suna cin ganyen gawo, wani lokaci su shiga waken manoma da mangwaronsu. Wanda ya taɓa ganin ɗayansu yana shan ruwa ya san ba ƙaramin aiki ba ne. Sai ya tsaya ya waiwaya hagu da dama, ya ware ƙafafun gaba, sannan ya sauko da kansa daga tsayin kusan mita 5 har ƙasa. Da ya ji motsi, kafin ƙiftawar ido ya ɗaga kan ya mayar da shi sama, ya zura da gudu in ta kama.

Ɗan Adam da bai kai mita 2 ba, in ya daɗe a tsugune ya miƙe da sauri, sai jiri ya ɗebe shi, idanunsa su yi duhu. Mai azumi ya san wannan da la'asar sakaliya. To, yaya dabbar da kanta ke nesa da zuciyarta da mita 2 take wannan hawa da sauka ba ta suma? Amsar tana cikin wani ɗan yanki na ƙwaƙwalwa da ke can ƙasan ƙeya, wanda kowace dabba mai ƙashin baya take da shi, daga kwaɗo har giwa, har mu.

Zuciya ba ta jiran izini

Mai gyaran tarwaɗa ya sha ganin zuciyarta tana ci gaba da motsi bayan an ciro ta daga jiki. Haka zuciyar kowace dabba mai ƙashin baya take. A zuciyar mutum, a saman ɓangarenta na dama akwai wani ɗan gungun ƙwayoyin halitta da ke haifar da wutar da ke sa ta bugawa, ba tare da umarnin kowa ba. In aka bar zuciyar mutum da kanta, za ta riƙa bugawa kusan sau 100 a minti. Shi ya sa waɗanda aka yi wa dashen zuciya, da yake an yanke jijiyoyin saƙon da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, bugunsu yakan tsaya tsakanin 90 da 110 ko da suna kwance. Mai lafiya kuwa yana hutawa a kan 60 zuwa 80, domin akwai mai ja mata linzami dare da rana.

Lalle ƙwaƙwalwa mahayi ce a kan zuciya, da linzami a hannu da ƙaimi a ƙafa. Linzamin wata doguwar jijiyar saƙo ce mai suna bagus, wadda ke fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wuya hagu da dama, ta sauka zuwa zuciya da huhu da ciki. A 1845 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Leipzig na Jamus, Ernst da Eduard Weber, suka sa wa wannan jijiya wutar lantarki a jikin kwaɗo, sai zuciyarsa ta rage gudu har ta tsaya. Abin ya girgiza masana na lokacin, don a saninsu jijiya tayar da tsoka take yi, ba su taɓa tunanin akwai wadda aikinta hanawa ne ba. Sai a 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya gano yadda take yi. Ya ajiye zukatan kwaɗi biyu a cikin ruwan gishiri, ya taɓa jijiyar ta farkon har ta lafa, sannan ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyun. Ita ma ta lafa, alhali ba a taɓa ta ba. Ashe wani sinadari jijiyar ke fesawa, wanda daga baya aka tabbatar asetilkolin ne. Wannan aiki ya kai shi ga lambar Nobel a 1936.

Ƙaimin kuwa wasu jijiyoyi ne da ke bi ta cikin laka su fito ta tsakanin ƙasusuwan baya. Suna sa zuciya ta ƙara sauri da ƙarfi, amma aikinsu ya wuce nan. Su ne ke tsuke ƙananan jijiyoyin jini na hanji da ƙoda da fata da tsoka, su kuma umarci wata 'yar halitta da ke zaune a kan ƙoda ta zuba adirenalin cikin jini. Linzami yana ci nan take, cikin bugu ɗaya. Ƙaimi yana ɗaukar daƙiƙoƙi kafin ya kama sosai.

Doki ne ya fi nuna faɗin wannan iko. Lafiyayyen doki a turke zuciyarsa tana bugawa sau 30 zuwa 40 a minti, kuma linzamin bagus yana da ƙarfi a kansa har likitan dabbobi kan ji zuciyar ta tsallake bugu ɗaya jefi-jefi, ba tare da wata cuta ba. Amma a sake shi a filin sukuwa, sai ta haura 220. Akwai kuma wani gwaji da aka yi a Amurka a 1964 da karnukan tsere. An yanke duk jijiyoyin saƙon zuciyarsu, aka mayar da su fili, sai ga shi gudunsu bai ragu da wani abin kirki ba, sai dai zuciyar tana jinkirin tashi a farkon tsere. Adirenalin da ke yawo cikin jini ne ya ɗauki aikin. Da aka ba su maganin da ke toshe tasirinsa, sai suka kasa. Jiki bai dogara ga hanya ɗaya ba a kan abin da rai ya rataya a kai.

Ma'aunin da ke cikin wuya

Mahayi ba ya jan linzami da ka, sai ya san halin da ake ciki. Abin da ƙwaƙwalwa ke sa wa ido shi ne matsin jini, wato ƙarfin da jini ke tunkuɗar bangon jijiya da shi. Mutum na farko da ya auna shi wani limamin coci ne a Ingila, Stephen Hales, wanda ya wallafa aikinsa a 1733. Ya ɗaure wata goɗiya, ya haɗa jijiyar cinyarta da dogon bututun gilashi a tsaye, jini ya hau ƙafa 8 da inci 3, yana ɗan hawa da sauka tare da kowane bugu. Gwaji ne mai ban tausayi, kuma yawancin abin da za a ambata a nan da rayukan dabbobi aka saye shi. Ya kamata mai karatu ya san haka.

A 1866 Elias Cyon da Carl Ludwig suka gano wata siririyar jijiya a wuyan zomo, wadda in an taɓa ta sai jini ya sauka, zuciya ta lafa. Wannan ba umarni take kaiwa zuciya ba, rahoto take kaiwa ƙwaƙwalwa. A shekarun 1920 Heinrich Hering, a birnin Kolon, ya nuna ainihin inda irin wannan rahoto ke tasowa. Manyan jijiyoyin jini biyu da ke hawa ta wuya, kowace tana rabuwa biyu a daidai ƙasan muƙamuƙi, kuma a wurin rabuwar akwai ɗan kumburi mai siririn bango. A cikin bangon nan bakunan jijiyoyin saƙo suke a shimfiɗe, akwai kuma irinsu a kan babbar jijiyar da ke fitowa daga zuciya. Duk bugun da ya zo sai ya ɗan buɗa bangon, su kuma su aika saƙo sama. In jini ya hau, saƙon ya yawaita. In ya sauka, saƙon ya ragu. Corneille Heymans na jami'ar Ghent a Beljiyam ya ci gaba da aikin da karnuka, ya gano cewa a gefen wurin akwai wani ɗan ƙullutu mai ɗanɗana iskar da ke cikin jini, aka ba shi Nobel ta 1938. An daɗe kafin a san abin da ke jin buɗawar bangon. A 2018 ne ɗakin binciken Ardem Patapoutian a Kalifoniya ya nuna cewa ɓerayen da aka cire wa wasu sunadarai biyu, Piezo1 da Piezo2, daga waɗannan jijiyoyi, sun rasa wannan ji, jininsu ya riƙa hawa da sauka ba tsari.

Saƙon yana isa ƙasan ƙeya, inda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa da laka, wurin da a mutum tsawonsa bai wuce santimita 3 ba. Can akwai matattara da ke karɓar rahoto, daga ita kuma hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta nufi ƙwayoyin da ke jan bagus. Ɗayar ta nufi wani gungu da ke ta gaba, wanda aikinsa kullum shi ne aika saƙon tsuke jijiyoyin jini, ta ce masa ya sassauta. Saboda haka in jini ya hau, zuciya ta lafa, jijiyoyi su saki, jini ya sauka. In mutum ya miƙe tsaye, kusan rabin lita na jini ya gangara ƙafafu da ciki, sai rahoton wuya ya ragu, a saki linzami, a sa ƙaimi, kafin ya yi taku biyu an fara gyara. Jirin da ake ji shi ne 'yar tazarar da ke tsakanin faɗuwar jini da isowar gyaran. Ga wanda ƙishirwa ta ci, ko ya zubar da jini, ko tsufa ya kama shi, tazarar takan yi tsawo. Sojan da ya yanke jiki ya faɗi a fagen fareti cikin rana shi ma ta nan abin ya same shi.

Girman aikin wannan matattara ya fito fili a 1973, lokacin da Nobutaka Doba da Donald Reis a New York suka lalata ta a jikin ɓeraye. Da dabbobin suka farfaɗo daga maganin barci, jininsu ya yi mummunan hawa, huhunsu ya cika da ruwa, suka mutu cikin sa'o'i. Shi ya sa bugun ƙeya yake da haɗari ƙwarai. Shi ya sa kuma shaƙe wuya ko da wasa ba abin yi ba ne: matsa wurin nan na ƙasan muƙamuƙi yana yaudarar ƙwaƙwalwa ta ɗauka jini ya hau, ta ja linzami da ƙarfi, mutum ya sume.

Dabbar da hawan jini ya zame mata lafiya

Jini ruwa ne, yana da nauyi. Duk mita ɗaya da ya hau, matsinsa yana raguwa da kusan 77 a ma'aunin da likitoci ke amfani da shi. Raƙumin dawa da ke tura jini mita 2 sama yana asarar fiye da 150 a hanya. Don ƙwaƙwalwarsa ta sami abin da take bukata, dole matsin da ke bakin zuciyarsa ya kai 200 ko fiye, ninki biyu na mutum. Robert Goetz ya fara auna wannan a Afirka ta Kudu a shekarun 1950, sannan a shekarun 1960 wata tawagar Amurkawa ta maƙala wa raƙuman dawa na'urorin rediyo a Kenya, ta auna su suna yawo a daji. An daɗe ana cewa zuciyarsu ƙatuwa ce fiye da kima. Awon da aka yi daga baya ya nuna nauyinta kusan kashi ɗaya ne cikin 200 na nauyin jiki, kamar na sauran dabbobi masu shayarwa. Bambancin yana ga ginin: ɗakin zuciyar na hagu ƙarami ne, bangonsa kuma yakan kai kaurin santimita 8.

Ƙafafu ne ke ɗaukar mafi nauyi, don can matsin zuciya da nauyin jini suke haɗuwa. A 1987 Alan Hargens da abokan aikinsa suka nuna cewa fatar ƙafar a ɗaure take tamau, ba ta barin ruwa ya taru, kuma jijiyoyin jinin ƙafar suna da kauri sosai. To, in ya sunkuya fa? Wata tawagar masana daga Denmak da ta yi aiki a Afirka ta Kudu ta ba da rahoto a 2009 cewa da an saukar da kan, sai fiye da lita ɗaya na jini ya taru a manyan jijiyoyin wuya masu dawo da jini. Abin da ke komawa zuciya ya ragu, matsin da take fitarwa ya sauka, sai ƙwaƙwalwa ta tsira daga ambaliya. Ƙananan jijiyoyin kai su ma suna tsukewa da kansu. Da ya ɗaga kai, jinin da ya taru ya kwararo zuciya lokaci guda, ta harba shi sama. Wato a wannan dabba ƙeya ba ita kaɗai ke aikin ba, ginin jiki ya rage mata kaya. Macizai ma haka: masu hawan itace zuciyarsu tana kusa da kai kuma jininsu a sama yake, na teku kuwa tasu tana wajen tsakiyar jiki.

Masu kama raƙuman dawa sun san wannan tsari ba ya son wasa. A Nuwamban 2018, lokacin da aka kwashi guda 8 daga Kure zuwa gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, tafiyar fiye da kilomita 800, an bi ƙa'idar da aka saba: a harba allurar barci, da dabbar ta faɗi a ba ta makarin allurar nan take, a rufe mata ido, a riƙe ta da igiyoyi. Maganin yana danne cibiyar numfashi da ke ƙasan ƙeya, doguwar kwanciya kuma tana iya kashe ta.

Abin da ya fi jan hankalin likitoci shi ne, hawan jini irin wannan a mutum yana kaurara zuciya har ta ƙage ta gaza, yana lalata ƙoda, amma raƙumin dawa yana rayuwa da shi lafiya lau. A 2021 masana daga Sin da Denmak suka ɗauki wata ƙwayar gado tasa mai suna FGFRL1, wadda ta bambanta da ta sauran dabbobi a wurare 7, suka sa wa ɓeraye irinta. Da aka ba su sinadarin da ke tayar da jini, nasu bai hau kamar na sauran ɓeraye ba, zuciya da ƙodarsu kuma ba su lalace haka ba. A ganina wannan kaɗai ya isa dalilin da tsangayoyin likitan dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, da jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, za su ɗauki garken Kure da muhimmanci, tun da a ƙofar gidanmu yake.

Nutso da tsoro

Akwai lokacin da ƙwaƙwalwa ke ture dokar da ta saba. In aka tsoma kan agwagwa cikin ruwa, zuciyarta takan sauka zuwa ɗan kaɗan daga bugunta na kullum, abin da Paul Bert ya bayyana a Faransa tun 1870. A nan ana jan linzami ana kuma tsuke jijiyoyin jini lokaci guda: a rufe wa hanji da ƙoda da tsoka hanya, a bar ɗan jinin da ke zagayawa ga ƙwaƙwalwa da zuciya. A 2019 masanan jami'ar Stanford suka wallafa awon zuciyar shuɗin wel, dabbar da ta fi kowace girma a duniya. A can ƙasan teku ta sauka har bugu 2 a minti, da ya taso shan iska ta kai 37. Mutum ma yana da ragowar wannan, don in ya tsoma fuska a ruwan sanyi ya riƙe numfashi, zuciyarsa za ta lafa.

Sassan ƙwaƙwalwa na sama, masu tunani da tsoro da tsammani, suna da hanyar da suke sa baki a aikin ƙeya. Zuciyar dokin sukuwa tana tashi tun yana tsaye a kan layi. Ibn Sina ya rubuta a cikin al-Ƙanun cewa ana iya gane wanda soyayya ta kwantar ta hanyar riƙe jijiyar hannunsa ana ambaton sunaye, a ji inda bugun zai sauya. Wani lokaci kuma umarni biyu kan ci karo. A 2017 Terrie Williams ta ba da rahoton wani nau'in wel mai dogon haure a gabashin Girinlan: waɗanda aka saki daga raga sun nutsa suna iyo da iyakar ƙarfinsu, amma zuciyarsu tana bugu 3 ko 4 a minti. Tsoro ya ja linzami, gudu yana neman ƙaimi. Masu kiwon namun daji sun san dabbar da aka kora da yawa ko aka kama da ƙarfi tana iya mutuwa bayan sa'o'i ko kwanaki ba tare da rauni a jikinta ba.

Inda ma'aunin ke sabawa

Mai karatu zai tambaya, in har jiki yana da mai gadi irin wannan, me ya sa ake hawan jini? A 1956 James McCubbin da abokan aikinsa a Cleveland suka saurari jijiyoyin wuyan karnukan da aka sa wa hawan jini ta hanyar ƙoda. Suka tarar jijiyoyin sun daina ƙorafi. Sun ɗauki sabon matsin a matsayin daidai, har suna kare shi in an yi ƙoƙarin saukar da shi. A 1973 kuma, a ɗakin binciken Arthur Guyton a Misisipi, aka yanke wa karnuka waɗannan jijiyoyi gaba ɗaya, aka auna su dare da rana. Jininsu ya riƙa tsalle, tashi tsaye ko cin abinci ko haushi kan jefa shi sama ko ƙasa, amma matsakaicinsa na yini bai sauya sosai ba. Daga nan aka fahimci cewa ma'aunin wuya gyaran daƙiƙoƙi da mintoci ya fi ƙwarewa a kai. Matsin watanni da shekaru kuwa ƙoda ce ke da babban hannu a ciki, ta yawan gishiri da ruwan da take riƙewa, ita ma kuma jijiyoyin ƙaimi suna yi mata magana. Da yawa daga magungunan hawan jini da ake sha yau a kan waɗannan hanyoyi suke aiki: wasu su toshe tasirin adirenalin a zuciya, wasu su kwantar da cibiyar ƙeya, wasu su sa ƙoda ta zubar da gishiri. A 2019 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura da ake dasawa tana taɓa ma'aunin wuya da wutar lantarki, don masu gazawar zuciya.

Wannan sabo na ma'auni shi ne haɗarin. Jinin da ya faɗi yana sanar da mai shi nan take da jiri. Wanda ya hau a hankali kuwa ƙwaƙwalwa tana karɓarsa, mutum ya yi shekaru yana harkokinsa ba ciwon kai ba komai, har ranar da shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda zai bayyana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce manya fiye da biliyan ɗaya ne ke da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Ta ba da shawarar kada gishirin da mutum ke ci a yini ya kai giram 5, har da wanda ke cikin dunƙulen miya. Mu ba mu da bangon zuciyar raƙumin dawa, ba mu da ƙodarsa. Duk baligin da ya daɗe ba a auna jininsa ba, ya je asibiti ko shagon magani mafi kusa a ɗaura masa abin awo a dantse, ko da yana jin kansa garau. Wanda aka riga aka ɗora a kan magani kuma, kada ya ajiye shi don ya ga jikinsa ya yi daɗi, sai da izinin likita.